Gishirin Malam

Litinin, 4 ga Nuwamba, bayan la'asar

Shanun Baffa Tambaya sun mutu jiya da hantsi, a bakin kanal ɗin ban-ruwa, a cikin gonarmu da aka gama yankan shinkafarta. Guda bakwai. Uku aka samu aka yanka, sauran kafin wuƙa ta iso sun zama mushe. Waɗanda suka gani sun ce ciki ne ya kumbura kamar ganga, baki na kumfa, ƙafafu na karkarwa, kuma duk abin bai ɗauki sa'a guda ba. Ni ban je ba. Ba na son ganin dattijo yana kuka, kuma an ce Baffa ya yi.

Kafin azahar gari ya gama yanke hukunci: Mudassiru ne. Mudassiru tsohon mijina, wanda gonarsa ke jikin tamu. A makon jiya shanun sun tattake masa irin tumatir, ya tsaya a ƙofar masallaci yana ɗaga murya, yana rantsuwa sai ya ga bayansu. To ga bayansu ya gani. Baki shi ke yanka wuya, kuma wannan bakin na san shi, shekara huɗu na zauna a ƙarƙashinsa.

Ban ji daɗin mutuwar shanun ba, Allah Ya sani. Amma yau na ci tuwo har da ƙari.

Talata, 5 ga Nuwamba, lokacin tara

Aji biyar na shiga da safe. Ɗakin gwaje-gwajenmu babu gas, babu ruwa, ma'aunin ma an ce wani ya ara tun bara, don haka kemistirinmu a allo yake farawa a allo yake ƙarewa. Na koya musu yadda ake haɗa nauyin ƙwayar sinadari. 'Ya'yan manoma ne, sai na ɗauko abin da suka sani: yuriya, takin da iyayensu ke watsa wa shinkafa. Kabon sha biyu, oksijin sha shida, naitirojin sha huɗu sau biyu, haidirojin ɗaya sau huɗu. Sittin ke nan. Gishirin miya kuma hamsin da takwas da rabi. Na ce musu su duba, a nauyi tazararsu ba ta kai biyu ba, dukansu farare, dukansu na narkewa a ruwa, amma halinsu ba ɗaya ba ne.

Ba wadda ta saurara. Suna ta zunɗen juna suna kallona ta gefen ido, har wata marar kunya ta ɗaga hannu ta ce wai da gaske ne za a kai Malam Mudassiru Kano a ɗaure. Na sa ta durƙusa har aka buga ƙararrawa. Su kuma matan ofis kowace ta zo da fuskar jaje, alhali labari suke nema. Ban ba su ko ƙwaya ba.

Laraba, 6 ga Nuwamba, bayan magariba

Baba ya je ruga yi wa Baffa jaje. A kan babur ya je ya dawo, don mai babur yana sauke shi daidai bakin bukka, ba sai ya laluba hanya ba. Ni kaɗai na san inda idon Baba ya kai. Yana jan salla, yana ba da karatu da littafi buɗe a gabansa, amma daga ka yake karantowa. Mutanen gari suna cewa Malam Muhammadu Sani bai taɓa neman tabarau ba, baiwa ce. Haka nake barin su.

Ya dawo bai taɓa abinci ba. Amanarsa da Baffa ta girme ni. Duk shekara in an yanke shinkafa, Baffa zai kawo shanu su ci ragowar kara su bar mana taki, shi kuma Baba zai ɗebo gishiri kwano guda da hannunsa, ya haɗa da kanwa, ya yi tofi a kai, a dama wa shanun a ruwan dusa a safiyar farko. Ba ya yarda wani ya ɗebo masa. A ruga gishirin Malam suke ce masa, kuma sun fi yarda da shi a kan allurar likitan dabbobi.

Abin da ya ce kawai shi ne, ko tofinsa bai tsare su daga sharrin mutum ba. Na ce wani mutumin ai sharrinsa ya fi ƙarfin kwano guda. Ya ce in ji tsoron Allah, ba a tabbatar ba tukuna. Kullum haka yake da Mudassiru. Ko a lokacin da na dawo gidan nan da akwatina, haƙuri ya ba ni, bai taɓa tambayar abin da aka yi min ba. Ni ma ba zan rubuta shi a nan ba.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, da rana

Goggo Fatu, matar Baffa, ta shigo da ƙwaryar nono kamar yadda ta saba tun ina yarinya, sai dai nonon yau ko rabin ƙwarya bai kai ba. Ta rame. Bayan ta auna wa Baba na fura, ta ja ni bayan ɗaki ta kwance bakin zanenta, ta fito da wata 'yar tasa da aka ɗaure da tsumma. Ta ce duk shekara tana tsame kaɗan daga gishirin Malam kafin a haɗa shi da kanwa sosai, don ta sa a miya saboda tabarraki. Na bana ta ɗanɗana ta ji ɗaci, harshenta kuma ya yi sanyi. Tana zargin ko wani ya shiga rugar ya zuba wani abu a ciki.

"Malama, ke kika yi karatun irin wannan. Ki duba mana. Ban nuna wa kowa ba sai ke."

Na tambaye ta ko akwai saura a ruga. Ta ce babu, duk an dama. Na ce zan duba.

Asabar, 9 ga Nuwamba, da hantsi

Na duba.

Ba a buƙatar ɗakin gwaji. Na zuba cokali uku a ɗan ruwa a moɗa, na juya, moɗar ta yi sanyi a tafin hannuna kamar an tsamo ta daga randa. Gishiri ba ya haka. Na ɗora murfin gwangwani a kan garwashi na barbaɗa kaɗan, ya narke ya zama ruwa, wani wari ya tashi mai yaji kamar na makewayin tasha, har idona ya kawo ruwa. Na ɗauko gishirinmu na miya na yi masa haka, ya yi ta ƙara yana tsalle, bai narke ba. Ba zai narke ba sai wuta ta kai digiri ɗari takwas da ɗaya. Wancan ɗari da talatin da uku ya ishe shi.

A cikin tumbin saniya yuriya ammoniya take komawa, wato guba. In a ruwa aka dama, ta fi saurin aiki. In da kanwa a ciki, ta fi shiga jini. Ciki ya kumbura, baki ya yi kumfa, ƙafafu su yi karkarwa.

Na wanke moɗar, na wanke murfin, na ɗora sanwa.

Asabar, bayan la'asar

Yuriya: 60.06
Gishiri: 58.44

Lahadi, 10 ga Nuwamba, da safe

Na shiga ɗakin ajiya neman tsintsiya. Buhunan gishiri guda biyu suna jingine a lungu, iri ɗaya, zane ɗaya. A gidan nan buhu ba ya tsufa. Da damina buhun takinmu ya yage, abin da ya rage ya sha danshi ya dunƙule, aka daka shi a turmi ya koma gari, Baba ya ce a juye a tsohon buhun gishiri kada a yi asara. Ni da kaina na rubuta TAKI da gawayi a jikinsa, da baƙaƙe manya-manya waɗanda ko daga ƙofa ana hangowa.

Ɗaya buhun har yanzu ɗinkinsa na kamfani ne, ba a farke ba. Ɗayan bakinsa a buɗe, kwanon awo na ciki.

Ban samu tsintsiyar ba.

Litinin, 11 ga Nuwamba, kafin in tafi makaranta

Na kai wani abu gona na watsa wa albasa. Albasa ba ta tambaya. Buhun kuma na hura wuta da shi.

Talata, 12 ga Nuwamba, bayan isha'i

An zauna a ƙofar gidan Dagaci. Baba ne ya ba ni labari, da ƙyar, sai da na yi ta jan sa. An nemi Mudassiru ya rantse da Alƙur'ani cewa babu hannunsa, sai gogan ya kasa. Wai ranar Juma'ar da ta wuce kafin abin ya faru ya yi feshin maganin ciyawa a kan iyakar gonarsa da tamu, shanun kuma sun yi kiwo a wurin, don haka shi kansa bai san ko shi ne ba. Ya ce bai yi da niyya ba, amma ba zai dafa Littafin Allah a kan abin da ba shi da tabbas ba. Wurin ya kaure. Samarin ruga suka miƙe da sanduna, sai da Baffa ya tsawatar musu.

Dagaci ya yanke: nan da Alhamis ta sama, ko dai ya rantse a hannun Baba, ko ya saki gonarsa Baffa ya riƙe har sai ta fitar da shanu bakwai. Gonar nan ita kaɗai gare shi. Kowa ya san gonar kanal in ta fita daga hannu ba ta cika dawowa ba.

Yau ne ya san tsoron rantsuwa. A ɗakina kuwa wallahi da tallahi a bakinsa kamar goro suke.

Laraba, 13 ga Nuwamba, lokacin tara

Glayfoset, nauyinsa 169. Ciyawa yake kashewa, a hankali, cikin kwanaki. Wanda ya bushe a jikin ganye tun shekaranjiya ba ya kayar da bijimi kafin rana ta take.

Na rubuta ne kawai don kada in manta. Darasi ne.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, da rana

Goggo Fatu ta tambaya. Na ce injin makaranta ya lalace, sai an gyara. Ta ce Allah Ya sa a gyara da wuri, ta ƙara min man shanu ɗan dunƙule a kan nonon, ta ce na wahalata ne.

Babu wani inji a makarantarmu. Ba a taɓa yi ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba, bayan la'asar

Ya zo. Mudassiru. Ya yi sallama a zaure, Baba na ciki yana hutawa, aka ce da ni ake magana. Na ɗauki lokacina, na sa hijabin da na fi so, sannan na fita.

Ya zube. Gemunsa ya yi buzu-buzu, rigar ma ban ga alamar guga a jikinta ba. Yana riƙe da galan ɗin maganin feshi, fanko, yana juya shi a hannu. Wannan shi ne mutumin da ya taɓa ɗaukar littafin kemistirina ya tokare ƙafar gado da shi, ya ce a nan ya fi amfani. Ya gaishe ni, ya tambayi aiki, ya tambayi jikin Baba, ya yi ta kewaye-kewaye. Sannan ya miƙo galan ɗin.

"Kubra, don Allah ki karanta abin da ke jiki. Wannan zai iya kashe saniya? In kin ce ba zai iya ba, zan rantse hankalina kwance. In kin ce zai iya, na haƙura da gonar."

Na karɓa. Na karanta har ƙananan rubutun, na juya baya na karanta, na bar shi a tsaye yana jira. Na so a ce zauren nan ya fi haka tsawo.

"Komai yana iya kisa in ya yi yawa," na ce.

Ya gyaɗa kai. Ya ce ya gode, ya ce in yi masa addu'a saboda tsohuwarsa, ita ce abin ya fi damu. Ya tafi ya bar galan ɗin a hannuna.

Ban yi ƙarya ba. Duk wanda ya yi karatu ya san maganar nan gaskiya ce, ko ruwa in ya yi yawa kisa yake. Ban yi ƙarya ba.

Litinin, 18 ga Nuwamba, da safe

Don Baba nake shiru. In na buɗe baki, gobe gari zai san Malam makaho ne, ya shekara yana riƙe littafi a banza. Za su ce wanda bai bambance taki da gishiri ba ya za a yi ya bambance musu halal da haram. Na san mutanen garin nan, masu durƙusa maka da safe su yi da kai da yamma. Kuma da wane ido zai kalli Baffa? Abin da ya yi wa tofi da bakinsa shi ya kashe shanun amininsa. Wannan zai iya kwantar da shi, kuma ba lallai ya tashi ba.

Shi kuwa wancan, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wa ya aike shi ƙofar masallaci? Yana da ƙarfinsa, sai ya tafi Kura ya yi dakon buhu a injin casar shinkafa.

Don Baba nake shiru.

Litinin, bayan azahar

Na daki wata yarinya a aji saboda ta rubuta sittin da ɗaya. Ban taɓa dukan ɗaliba ba sai yau.

Talata, 19 ga Nuwamba, bayan magariba

Baba ya ce zai aika wa 'yan maruƙan da suka rage da gishiri, ya shiga ɗakin ajiya shi kaɗai. Ya daɗe. Da ya fito sai ya tsaya a tsakar gida ya ce, Uwata, ai buhu biyu ne a lungun nan, ɗaya kawai hannuna ya taɓa, kuma ba a farke shi ba. Uwata yake kira na tun ina cikin zani, sunan mahaifiyarsa na ci. Na ce ɗayan ya ƙare ne na yar. Ya ce a gidan nan aka yar da buhu? Na ce ɓera ya cinye shi. Ya ce to.

Bai aika da gishirin ba.

Laraba, 20 ga Nuwamba, bayan la'asar

Baffa ya zo gaishe shi da hantsi ina makaranta. Ashe cikin hira ya ce Fatu ta gaya masa gishirin bana ɗaci gare shi, har ta ba Malama ta duba. Shi Baffa dariya ma ya yi, ya ce bakin mata ne.

Ina dawowa Baba ya kira ni ɗakinsa. Ya ce in kawo tasar Fatu da ruwa a moɗa. Na ce injin makaranta. Ya ce bai tambaye ni inji ba. Na kawo. Ya laluba ya juye abin da ya rage a ruwan, ya juya da yatsa, ya bar yatsan a ciki. Manomi ne kafin ya zama malami, ya san yadda taki ke sanyaya jiƙaƙƙen hannu. Na ga lokacin da ya ji. Fuskarsa ba ta motsa ba. Ya yi salati a hankali, ya maimaita, ya maimaita.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun waccan Asabar ɗin, Baba. Ta farko."

"Yaron nan ya zo zaure ya tambaye ki. Ina jin ku."

"Don kai na yi, Baba. Kada a ce..."

"Don ni kika bar shi tsaye kina karanta galan?"

Ya ajiye moɗar, ya goge yatsansa da bakin riga.

"Gobe ke za ki riƙe min sanda, Malama."

Malama. Kamar yadda mai babur ke kira na.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, da yamma

Ya ƙi hawa babur. Daga ƙofar gidanmu har gidan Dagaci ina gaba riƙe da kan sanda, yana baya riƙe da gindinta, ta gaban masallaci, ta gaban masu shayi, ta gaban kowa. Ba wanda ya tambaya, sanda ta riga ta yi bayani. Na tsani kowace fuska da na gani a hanyar nan.

An shimfiɗa buzu, an ajiye Alƙur'ani a cikin gafaka. Mudassiru na gefe ya riga ya zo da takardar gonar. Baba bai zauna ba. Ya ce a mayar da Littafin, babu rantsuwa yau. Ya ce idonsa ya tafi tun bara ya ɓoye saboda son girma, ya ɗebi taki a zaton gishiri, ya yi masa tofi, ya miƙa wa amininsa da hannunsa. Ya ce gonar da za a riƙe tamu ce. Bai ambaci sunana ba ko sau ɗaya.

Baffa ya daɗe kansa a ƙasa. Da ya ɗago sai ya taso ya kama hannun Baba ya zaunar da shi, ya ce hannun da ya ba shi alheri shekara da shekaru ba zai kai shi ƙara a kan kwano guda ba. Baba ya ce sai an biya. Suka yi ta ja, Dagaci ya raba: alkamar ranin bana da shinkafar baɗi na Baffa ne.

Mudassiru ya durƙusa gaban Baba yana kuka kamar yaro. Da zai fita ya wuce ta gabana. Na shirya masa fuska, na shirya amsa. Bai ko kalle ni ba.

Juma'a, 22 ga Nuwamba, bayan an sauko

Na'ibi ne ya ja salla. Baba a sahun farko.

Asabar, 23 ga Nuwamba, da hantsi

Goggo Fatu ta shigo ba ƙwarya a kanta. Ta gaida Baba ta bakin ƙofa, ta daɗe tana yi masa addu'a, har ta ce a nemo likitan ido a Kano, in ya so a sayar da ɗan maraƙi ɗaya. Sannan ta juyo ta ce in ba ta tasarta.

Na ɗauko, na wanke tas, na haɗa da tsumman. Na fara cewa, Goggo, ki yi haƙuri, wallahi Baba bai gani ba.

"Na sani. Malam bai gani ba, mun yafe masa tun a can." Ta ɗaure tasar a bakin zanenta, ta ja ƙullin da haƙori. "Ke kin gani."

Ta fita ba sallama.

Litinin, 25 ga Nuwamba, da rana

Na ji muryarta a layinmu tana tallan nono. Ta shiga gidan da ke gabanmu, ta shiga na bayanmu.

Na dama wa Baba furarsa da ruwa. Ya sha, ya miƙo min ƙwaryar, ya ce an gode, Malama.